Wadda Za Ta Gaje Ni

Shekara goma sha ɗaya ina cilla faifan yumɓu
a filin Sumama, bayan Riyad,
inda rairayi yake ja kamar an yayyafa masa manja.
Abu Mish'al ya ce a saki, in saki,
faifai ya tashi, bindiga ta amsa,
gari mai ruwan goro ya sauko a hankali.

Bara kafaɗata ta fara gunaguni.
Bana ta koma kuka da dare.
Likita ya danna nan, ya danna can,
ya ce, Sallau, hannu ba sifirin ba ne.

Shi ya sa yau nake shagon Muhsin
da takardar maigida a aljihu,
an aiko ni in zaɓo wadda za ta gaje ni.
Wa ya taɓa aiken zakara sayen wuƙa?

Uku ya jera mini.
Ta farko 'yar ƙarama, cikinta faifai hamsin.
Na ɗan taɓa ta, ƙafafunta suka yi rawa.
Iskar la'asar ɗaya ta ishe ta.

Ta biyu tana haɗiye ɗari uku,
kuɗinta albashina na wata bakwai.
Muhsin yana shafa ta kamar raƙumar tsere.
Na ce, in yashi ya shiga haƙoranta fa?
Ya ce, sai a aika Jamus.
Na ce, Jamus da nisa ranar Juma'a da yamma,
baƙi sun sha gahawa, sun ɗura harsashi,
suna kallon sama.

Ta uku ba ta da kyau.
Koren fenti, taya biyu, batirin mota.
Ban tambayi nisan jifanta ba, wannan kowa yana tambaya.
Na ce, daƙiƙa nawa kafin ta sake ɗanawa?
Nawa take fasawa a ciki, tun bai ga sararin Allah ba?
Rimot yana jin kira daga bayan tudu?
Ina maɓallin da ke kwance sifirin
kafin mutum ya kai hannu?
Don na san Ilu,
da yatsu huɗu yake cin shinkafa yanzu.

Muka ja ta bayan shago.
Ya danna, faifai ya fita sumul.
Ya danna, ga wani a sawun na farko.
Goma, duk hanya ɗaya, ba ƙarya ko ɗaya.
Muhsin ya yi murmushi. Ni ban yi ba.

Ba ta san idon Abu Mish'al na dama ya soma hazo ba.
Ba ta san shekara uku ke nan
ina rage masa ƙarfin jifa, ina karkato shi hagu,
ya fasa, ya juyo yana dariya irin ta yaro.
Ba ta san ɗan ƙanensa mai cika baki ba,
wanda nake aika wa faifai ƙasa ƙasa,
kamar fakara ta ga maharbi.

Na ce, ana iya juya wuyanta?
Ya nuna mini wani kusa a gefe,
ɗan ƙarami, mai jin sifana goma.
Na ce, ɗaure ta.

Yanzu tana bayan mota, an lulluɓe ta da tsohon bargo,
muna hanyar Sumama, rana tana faɗuwa.
Kafaɗata ta yi shiru, kamar tana sauraro.
Rimot yana aljihuna na hagu,
sifana a na dama.
Gobe tun kafin maigida ya sauke alkyabba
zan durƙusa kusa da ita kamar mai duba taya,
in koya mata hagu.